Ɗakin Tawul

Ranar Lahadi, da hantsi

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da yara da jikoki gaba ɗaya. Yaya gwiwa? Yaya kunnen? Babban ɗanki ya ce kin daina ɗaukar waya, wai kin gaji da “iye? iye?” jikoki suna yi miki dariya. To shi ke nan, na koma biro da takarda kamar zamanin da muke makaranta. Na kuma ba shi shawara ya mayar da gadonki ɗakin baya, inda hayaniyar yara ba za ta dame ki ba, ya ce ya yi. Ki ji daɗinki, ki huta.

Mu nan lafiya lau, sai aiki. Gidan wankin namu ya ƙara samun wasu otal-otal da wani asibiti, kaya har rufi. Ni dai ina nan a shugabar sashen guga da ninki, ina fama da mata, kowace da nata halin. Akwai abin da ya faru a makon nan da nake so in ba ki labari, don na yi wani abin kirki kuma babu wanda ya yaba mini, gara in zo ki yaba.

Kin tuna Rediyo? Wadda lokacin da kika kawo mini ziyara ta kwaikwayi tafiyar Manaja da tumbinsa, kika yi dariya har kina riƙe ciki. Tun kafin a ba ni shugabanci take wurin nan, ita da abokiyar ninkinta Barkono, wata gajeriyar mata mai baki kamar sunanta. Kin ga zanin gado idan ya fito daga injin guga da zafinsa, mutum ɗaya ba ya ninke shi. Sai biyu: kowace ta kama kusurwoyinta, su ja, su kaɗa, su tako su haɗu a tsakiya, hannu ya taɓa hannu, ɗaya ta miƙa wa ɗaya, su ja da baya, su sake haɗuwa. Haka yini guda. Ƙarar injuna ba ta bari a ji magana sai an haɗu a tsakiyar nan, shi ya sa hirar matanmu guntu-guntu ce, a faɗi rabin gulma, a ja da baya, a dawo a ƙarasa. Rediyo da Barkono sun fi kowa gwaninta a wannan. Kullum cikin zagin juna suke, kullum kuma a kwano ɗaya suke cin abinci.

To Yaya, Rediyo ta yi shiru. Ba rana ɗaya abin ya zo ba. Tun da autarta ta yi aure ta bi mijinta can nesa muka ga jikinta ya fara sanyi, mijinta kuwa kin san ya daɗe da rasuwa. Muka ce kewa ce, za ta wuce. Sai ta daina waƙa, ta daina tsokanar direbobi, abincinta ya riƙa komawa gida yadda ya zo. In an tambaye ta sai ta ce lafiya lau, barci ne kawai ba ta samu. Ta rame har rigar aiki tana yawo a jikinta.

Ran Talata tana saka zani a bakin injin guga, sai kawai ta tsaya ƙiƙam, ido a buɗe amma ba ta nan. Zani na tafiya, hannunta na bin sa. Wallahi saura ƙiris ƙarfen nan mai zafi ya cinye mata yatsu, Barkono ce ta fizgo ta ta baya suka zube tare a kan kwandon kaya.

Manaja ya kira ni ofis yana ta share gumi, wai Rediyo ta je gida ta huta. Ni kuwa na san “je ki huta” ɗinsa, wadda ta tafi ba ta dawowa. Na ce masa sai dai ya haɗa da ni. Nan take, ina tsaye a gabansa, dabara ta faɗo mini. Muna da wani ɗaki can baya, bayan sito, inda ake ninke tawul. Babu inji, babu tururi, ga fanka, ga taga, ga kujera mai laushi. Tawul kuwa mutum ɗaya ke ninke shi, a zaune ma. Ɗakin da kowace mace ke roƙona in kai ta. Na ce can za ta koma, Manaja ya yarda.

Na tara sauran matan na ja musu kunne. Na ce ba tsokana, ba hayaniya, ba zuwa a dame ta da surutu, a bar ta ta samu natsuwa, wadda na kama kuwa ni da ita ne. Da na gaya wa Rediyo, ta dube ni ta ce, “To, Shugaba.” Ko musu ba ta yi ba.

Akwai wata likitar damuwa da kamfani ya ɗauko, tana zuwa duk Laraba, aka ba ta ɗaki mai gilashi a bakin get. Babu mai shiga, don kowa zai gan ka. Rediyo ce ma da bakinta ta raɗa masa suna “ɗakin ɗaure noti” lokacin tana da lafiya. Kin ga ai ba zan tura ta can in ƙara mata kunya ba.

Ki gaishe mini da kowa da kowa. Allah ya ƙara sauƙi.

Ƙanwarki,
Gaggawa


Ranar Asabar, bayan an tashi aiki

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaishe da gida. Da fatan gwiwar ta yi sauƙi, maganin shafawar da na aiko kuma ya iso.

Takardarki ta zo, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, na sake karantawa a zaune. Haba Yaya! Ina neman yabo kin zo mini da faɗa. Kin ce in mayar da matar nan cikin mutane, wai ke kin san abin da shiru yake yi wa mutum. Kin ce tun ina yarinya nake yanke hukunci kafin a gama yi mini bayani, shi ya sa sunan nan ya bi ni. To na ji. Amma ke ba ki ga hannun nan a bakin inji ba, ni na gani. Naki ciwon daban, nata daban.

Kuma in gaya miki, aikinta ya yi kyau. Tawul ɗin da take ninkewa kamar an auna da ma’auni, har matar da ke karɓar kaya a wani otal ta aiko da yabo. Tana zuwa kafin kowa, ba ta yi wa kowa gardama. Matan ma sun bi umarnina. In ta zo wucewa sai su sassauta murya su ce mata sannu, sannu da jiki, ita kuma ta gyaɗa kai ta wuce. Har direbobin da ta saba wanke su tas da baki yanzu hula suke cire mata.

Barkono ce kaɗai ta zame mini ƙarfen ƙafa. Na haɗa ta da wata abokiyar ninki, tun safe har yamma sai ƙorafi, wai wannan ba ta iya ja ba, wai hannunta kamar lagwani. Ran Alhamis lokacin cin abinci na neme ta na rasa. Na bi ta bayan sito, tun daga nesa nake jin muryarta a ɗakin tawul. Yaya, ba ki ji abin da take gaya wa marar lafiya ba! Wai ragguwa, wai ta samu kujera da fanka ta zama matar Manaja, wai dama can ita ke ɗaukar nauyinta a wurin ninki, yanzu asiri ya tonu. Ta tura mata kwano gaba tana cewa ta ci ko ta ɗura mata. Na leƙa na ga Rediyo ta ɗago kai, leɓenta yana motsi, idonta ya kawo ruwa. Na ce yanzu za ta fashe da kuka. Raina ya ɓaci, na faɗa ɗakin na kori Barkono, na ce in na sake ganin ƙafarta a nan sai ta bar sashena.

Ta fita, amma ta tsaya ta jira ni a lungu. Ta ce mini, “Shugaba, ramawa za ta yi. Saura kaɗan ta zage ni kika shigo.” Ta ce na binne mata ƙawa da ranta. Kin ji fa! Ni da na tsaya a gaban Manaja na sa aikina a kan layi saboda ita. Na ce mata ta iya bakinta, ta tafi tana ƙunƙuni.

Abu ɗaya ne dai ya ɗan tsaya mini a rai. Jiya na fito daga sito na tarar da Rediyo a ƙarshen lungun, ta jingina da bango inda ake hango teburan ninki. Ba ta gan ni ba. Tana kallon matan, hannuwanta suna ɗagawa suna haɗuwa su kaɗai, babu komai a cikinsu. Na dafa ta na ce zafin nan ba zai yi mata kyau ba, ta zo mu koma. Ta biyo ni ba musu. Da muka isa ƙofa ta ce, “Shugaba, yaushe zan koma?” Na ce sai ta warke sarai, kada ta sa komai a ranta, wurinta yana nan. Ta ce to. Na gyara mata fankar na jawo mata ƙofa don ƙarar injin kada ta shigo.

Likitar nan ma ta tare ni ran Laraba a bakin get. Wai ta ji labarin abin da ya faru a injin guga, tana so ta ga matar, ko a wajen kamfani ne in ɗakin gilashin ne matsala. Yarinya ce mai ladabi, ba laifi, amma ina ta san matan nan kamar ni? Na ce mata ta kwantar da hankalinta, mun riga mun shawo kan abin a cikin gida.

Kin ce a takardarki ɗakin bayan da aka mayar da ke yana da sanyi da tsabta. Alhamdulillahi, ai dama na faɗa. Sauran abin da kika rubuta a ƙasa ban gane shi sosai ba, biron ya yi ta yankewa.

Ki gaishe da yara. Ki daina yi mini faɗa, na girma.

Taki har kullum,
Gaggawa


Ranar Juma’a

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da iyali. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, ban san ta inda zan fara ba ne. Na ɗauki biro na ajiye ya fi a ƙirga.

Rediyo tana asibiti. Kada hankalinki ya tashi, tana da rai, ana kula da ita, an ce kuma za ta samu sauƙi. Amma Yaya, ni ban da sauƙi.

Ran Litinin ɗin makon jiya ba ta zo aiki ba. Abin kunyar shi ne ban ma lura ba sai da rana ta yi tsaka, da aka zo ɗaukar tawul aka tarar da su a jibge. A teburin ninki in mace ta makara ko kaɗan, abokiyarta za ta tsaya da zani a hannu tana cigiya, kowa ya sani. A ɗakin tawul wa zai sani? Na ce wataƙila zazzaɓi ne. Talata ma shiru, wayarta a kashe. Na ce bari in ba ta lokaci, kada in takura mata. Barkono ba ta nemi izinina ba. Ran Laraba da rana ta cire rigar aiki ta jefar a kan tebur ta fice, ta tafi gidan. Ta tarar da ƙofa a kulle ta ciki. Ta yi ta bugu tana kiran ta da duk sunayen banzan da ta saba kiran ta, har maƙwabta suka fito aka ɓalle ƙofar. Suka same ta a kwance da kayan aikinta a jiki, tun ran Litinin ta shirya ta kasa fita. Ba ta ci ba, ba ta sha wani abin kirki ba. Aka kira ƙaninta aka kai ta asibiti, 'yarta kuma ta taso daga can inda take.

Likitoci sun ce ciwon damuwa ne, ya daɗe yana cin ta, ciwo ne kamar kowane ciwo kuma yana da magani. Sun ce da an kawo ta da wuri da bai kai haka ba.

Da Barkono ta dawo ban iya haɗa ido da ita ba. Na zaci za ta wanke ni, na ma shirya. Sai ta zauna a kan kwandon kaya ta yi magana a hankali, wallahi da zagin ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce tun makon farko Rediyo ta tambaye ta a hanyar gida, wai me ta yi wa Shugaba aka ware ta? Wai ta san ta kusa jawo wa kamfani asara, amma ai da an yi mata faɗa an bar ta a wurinta. Wai mata sun daina yi mata wasa, kowa sai sannu, kamar wadda ake jira ta mutu. Barkono ta ce mata gata ne nake yi mata. Rediyo ta ce, “Gida in na koma bango nake kallo. Nan ne kaɗai ake kiran sunana da ƙarfi.”

Yaya, na san gidan nan nata babu kowa. Na sani sarai, ni na tara mata gudummawa lokacin auren autar. Amma ko sau ɗaya ban haɗa wannan da wancan ba.

Ran Larabar nan na shiga ɗakin gilashin, ni da ƙafata, matan duk suna kallo. Na zayyana wa likitar komai, ina jira ta ce na yi kisan kai. Ba ta ce ba. Ta ce raba Rediyo da injin daidai ne, ko ita abin da za ta fara yi ke nan, kuma tsayawar da na yi a gaban Manaja ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ba injin kaɗai na raba ta da shi ba. Ta ce ai ana iya jawo teburi nesa da injin, wata ta riƙa saka zanin, su kuma su ci gaba da ninkinsu su biyu. Abu mai sauƙi haka, Yaya, teburi ne kawai za a ja! Sannan ta tambaye ni, da na yanke shawarar, ita Rediyon me ta ce tana so? Na yi ta laluben ranar a kaina. Na gaya wa Rediyo, na gaya wa Manaja, na gaya wa sauran matan. Ban tambaye ta ba.

Na yi kuka a gaban yarinyar nan da na raina. Ta bar ni na yi mai isata, ta miƙo mini ruwa.

Yanzu dai ga abin da na yi. Na sa Manaja ya yi alkawari a gaban likitar cewa wurin Rediyo yana nan har ta dawo. An ɗauke likitar daga bakin get, an ba ta ɗakin da ke jikin inda muke canja kaya, wurin da kowa ke shiga da fita, babu mai sanin wadda ta tsaya. Mata har sun fara tambayar ranar zuwanta. Ranar da na fito daga ɗakin gilashin, ido jajir, Barkono ta dube ni ta ce dama notina ya fi na kowa kwancewa. Ita ce magana ta farko mai daɗi da na ji a makon.

Na ja teburinsu da kaina na kai shi kusa da taga. Yana nan yana jiran ta. Ki taya ni da addu’a ta dawo, Yaya, in samu in gyara abin da na ɓata.

Ƙanwarki,
Gaggawa


Ranar Lahadi, da yamma

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da yara da jikoki. Na gode da takardarki. Na zaci za ki ce ai kin faɗa mini, ba ki ce ba, sai addu’a kika yi mini. Allah ya bar mini ke.

An sallami Rediyo. Sau biyu na je asibiti ina tarar da ita tana barci, ko kuma ta rufe ido ne don kada ta gan ni, ban sani ba. Jiya Asabar na daure na tafi gidanta. Tun a hanya nake tsara abin da zan faɗa: teburi yana bakin taga, Barkono tana jira, likita ta ce za ta iya farawa da rabin yini, kuma a wannan karon ita za ta zaɓa.

'Yarta ce ta buɗe mini. Ta gaishe ni da ladabi, Anti sannu da zuwa, amma fuskarta ba sakewa. Ina shiga na ga akwatuna a tsakar ɗaki, an sauke labule, an ɗaure tukwane a cikin kwali. Na gane tun kafin a gaya mini. Tafiya za ta yi da Rediyo. Ta ce ba za ta sake barin uwarta ita kaɗai ba, a can akwai asibiti kusa, ga jariri yana hanya, gidan ba zai rasa hayaniya ba. Me zan ce? Gaskiyarta ce.

Na sami Rediyo a bayan gida tana kwashe shanya. Ta ɗan yi kumari, idonta ya dawo, tana shan magani kuma tana ganin likita. Ta ce, “Shugaba, ke ce da kanki?” Na ce ni ce. Duk jawabin da na tsara ya gudu. Na tsaya kamar gunki ina kallon ta tana cire kaya daga igiya.

Sai ta sauko da zanin gado. Ta kama kusurwoyi biyu, ta miƙo mini sauran ba tare da ta dube ni ba, yadda hannu ya saba. Na ajiye jakata a ƙasa na karɓa. Muka ja, muka kaɗa. Babu inji a wurin, babu ƙarar komai, tana iya yi mini magana daga inda take. Amma ba ta ce uffan ba sai da muka tako muka haɗu a tsakiya. Hannunta ya taɓa nawa, ta ce, “Na zaci kin gaji da ni ne.” Muka ja da baya. Na ce wallahi ba haka ba ne, ta girgiza kai alamar in jira. Muka sake haɗuwa, ta ce, “Na san don ni kika yi. Barkono ta gaya mini har Manaja kika yi wa tsaye.” Muka ja da baya. Zanin ya ƙanƙance, taku ɗaya ya rage tsakaninmu. Ta karɓi kusurwoyin daga hannuna ta ce, “Da kin tambaye ni, Shugaba, da na gaya miki.”

Ta ƙarasa ninkin a ƙirjinta, ta shafe shi da tafin hannu, ta shiga ciki ta sa shi a akwati.

Na roƙe ta gafara, ta ce ta yafe tun tuni, kuma na yarda har zuciyarta ta faɗa. Na ce wurinta yana nan ko shekara za ta yi. Ta yi ɗan murmushi ta ce in ba wata, akwai masu nema. Ta ce in gaya wa Barkono ta rage cin abinci, ta kusa fin kwandon kaya faɗi. Wannan ne zagin da ta so yi ranar da na faɗa musu ɗaki, Yaya, ni na tare shi. Yau da safe motarsu ta tashi.

Barkono ta ƙi kowace abokiyar ninki, tun makon jiya ni nake kama mata zani a teburin bakin taga. Tana ja da ƙarfi kamar za ta tsinke mini kafaɗa. Muna haɗuwa a tsakiya, hannu yana taɓa hannu, ba ta ce mini komai. Gobe zan isar mata da saƙon, ban san ko dariya za ta yi ko kuka ba. Ɗakin tawul kuwa na sa an kwashe kayan an dawo da su cikin mutane, an zuba kwalayen sabulu a ciki.

Da na dawo gida jiya na ɗauko takardarki ta farko, wadda na ce miki biro ya yanke a ƙasanta. Na kai ta bakin taga na bi ta a hankali. Biron bai yanke sosai ba, ni ce ban tsaya ba. Kin rubuta cewa ɗakin bayan yana da sanyi da tsabta, amma a ɗakinki na da, ko ba kya jin abin da jikoki ke faɗa kina ganin bakinsu yana motsi, suna faɗo miki a jiki, yanzu kuwa sai an kawo abinci kike ganin mutum.

Na ɗauki waya zan kira ɗanki in ce ya mayar da gadonki yau-yau ɗin nan. Har na danna, na kashe. Na samu hutun mako guda daga ran Alhamis, ina nan tafe, zan zauna kusa da kunnenki mai ɗan ji. Kafin nan ki yi tunani, ba sauri. Wane ɗaki kike so, Yaya?

Ki gaishe da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Gaggawa